Jakar da Ta Riga Kofur Abdulsamad Isowa Gida

Ranar da Abdulsamad ya fara ganin Muhsina a jiƙe yake sharkaf, kuma babu wanda ya jiƙa shi sai shi kansa. Hutun mako uku ya samu daga bariki a farkon shekarar 2006, ya zo gida Bunkure ya tarar da yayansa Dattijo yana fama da ban-ruwan albasa, ya ce shi ma a ba shi tiyo ya taya. To, jawo ruwa daga magudana zuwa gona yana da tasa dabarar. Nutsar da tiyon ake yi ya cika, a toshe bakinsa da tafin hannu, a fizgo shi a kwantar a kan kunya, sai ruwa ya biyo da kansa. Mutanen garin suna yi suna hira. Amma shekara shida a aikin soja ta sa hannun Kofur Abdulsamad ya manta, sau uku yana fizgowa ruwan yana ƙarewa a ƙirjinsa.

"Sannu da aiki, soja," aka ce daga bayansa. "Albasar kake ba wa ruwa ko kanka?"

Ya waiwaya. Wata budurwa ce doguwa, wankan tarwaɗa, da hijabi ruwan toka da kwanon abinci a hannu, tana son ta danne dariya ta kasa.

"Wa ya ce miki ni soja ne?"

"Askin kanka. Da kuma yadda ka tsaya ƙiƙam kana jiran tiyo ya bi umarni."

Ta ajiye kwanon, ta tattare hijabinta, ta nutsar da tiyon ta fizgo sau ɗaya tak. Ruwa ya kama hanya. Ta ɗauki kwanonta ta nufi gonar tumatir da ke gaba, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Rufe bakin haka nan," in ji Dattijo. "Muhsina ce, 'yar Malam Uba, a firamare take koyarwa. Kuma tun kafin ka fara bari in gaya maka, ubanta ko ganin kaki ba ya son yi."

Gargaɗin ya zo a makare. Tun daga ranar Abdulsamad ya zama manomin da babu irinsa, kullum yana bakin magudana daidai lokacin da ake wucewa da abinci. Dattijo ya ce bai taɓa ganin albasar da ta sha ruwa kamar ta bana ba. Kafin hutun ya ƙare sun karɓi lambar juna, shi yana kiran ta Malamata, ita kuma tana ce masa Kofur ɗina.

Bai ɓata lokaci ba, ya tura manyansa wajen Malam Uba. Malam Uba ya karɓe su da mutunci, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya saurare su har suka gama.

"Yaron nan ban san shi da wani abin ƙi ba," ya ce. "Uwarsa Iya Talatu mutumiyar kirki ce, ubansa kuma tare muka yi noma har Allah ya karɓi abinsa. Amma kun san ƙanena Lukmanu. Da ƙafarsa ya tafi Saliyo, abin da ya dawo mana jaka ce. Sojoji biyu suka kawo ta a mota, suka sara mana, suka sa na dangwala yatsa a takarda, suka tafi. Matarsa ko wata huɗu ba ta yi a ɗaki ba. Ni na ga kukan da ta yi. 'Yata ba za ta yi irin wannan kukan ba ina raye."

Duk wanda ke zauren ya san ranar, sai manyan suka yi sallama suka tashi.

Kamar an shirya, ba a yi wata uku ba sai ga sunan Abdulsamad cikin waɗanda za a tura Darfur aikin kiyaye zaman lafiya. Ya zo sallama da la'asar. Muhsina ta fito ƙofar gida idonta jawur, amma bakin nan nata bai mutu ba. Ta miƙa masa wata 'yar ambulan.

"Irin tumatir ne, na Baba. Na ji an ce can babu ruwa. In ka iya raya shi zan yarda ka koyi ban-ruwa."

"In na raya shi Baba zai ba ni ke?"

"Kai dai ka raya kanka tukuna, Kofur ɗina. Ni ina nan."

Sansanin da aka kai su fili ne fetal a gefen wani ƙaramin gari, tantuna a jere, buhunan yashi a kewaye, sai tankin ruwa guda ɗaya a kan dogayen ƙarafa. Ɗan Bunkure da ya tashi yana jin ƙarar ruwa a magudana, sai ga shi ana auna masa ruwa a jarka. A ranar farko, yana tsaye a layin karɓar abinci yana mita a ransa, ya ji wani a bayansa yana cewa da Hausar Kano tsantsa, "Wallahi wannan shinkafar ko kaji a Kura ba za su kalle ta ba."

Ya juya ya ga wani gajere kakkaura, an rubuta Cornelius a ƙirjin rigarsa.

"Kai ɗan Kura ne?"

"Haihuwa da tashi. Babana shi ke gyaran injinan casar shinkafa a bayan tasha. Asalinmu Langtang, amma ni ban san ko'ina ba sai Kura. Kai fa?"

"Bunkure."

"Ashe ƙauye!" in ji Cornelius, ya kama hannunsa ya girgiza kamar zai cire shi.

Shi ke nan, aka zama abokai. Tanti ɗaya suka koma, gadajensu suna kallon juna. Aikin kullum kusan iri ɗaya ne: fareti da sassafe, gadi a ƙofa, goge bindiga saboda yashin da ba ya jin magana, sai kuma raka matan sansanin gudun hijira daji su yi itace, sau biyu a mako. Wannan rakiyar ita ce ta fi taɓa zuciyar Abdulsamad. Matan suna tafe a gaba da jakuna, su suna biye a mota a hankali, kowa idonsa a kan duwatsu. In aka dawo lafiya matan sukan ɗaga musu hannu, shi kuma ya yini yana tuna Iya.

Ranar Lahadi Abdulsamad ke karɓar gadin Cornelius don ya samu zuwa addu'a a tantin coci. Ranar Juma'a Cornelius ke karɓar nasa. Da azumi ya zo, Cornelius ya je da kansa wajen sajan ya ce a mayar masa da duk gadin rana na abokinsa, wai shi ba ya son ganin ɗan ƙauye ya faɗi a bakin ƙofa ya ba su kunya. In an kusa shan ruwa kuwa, shi ne na farko a bakin tabarma da kofinsa.

"Kai da ba ka yi azumi ba?"

"Na taya ka jin yunwa da ido. Miƙo dabinon nan."

Irin tumatir ɗin kuma a bayan tanti suka shuka shi cikin gwangwanaye. Abdulsamad ya riƙa yin alwala a kan wani kwano don kada ɗigo ya tafi a banza, Cornelius ya riƙa tara ruwan ɗaurayar kofuna. Sauran sojoji suka yi ta yi musu dariya, har ranar da aka ga jajayen 'ya'ya guda bakwai. Daga nan sai ga manya suna zuwa gaisuwa bayan tanti. Cornelius ya naɗa kansa sarkin gona, ya ce ko kyaftin ne sai ya nemi izini.

Waya ba ta kamawa a ko'ina cikin sansanin sai a saman tankin ruwa. Don haka kullum da yamma za ka ga sojoji sun yi layi a gindin tsani, kowa da wayarsa a hannu, ana hawa ɗaya bayan ɗaya. Abdulsamad yakan rubuta saƙonsa tun a ƙasa, in ya hau sai ya ɗaga wayar sama ya jira.

"Malamata, tumatir ɗinki ya yi bakwai. Ni da Cornelius mun ci biyu, sajan ya ƙwace ɗaya. Nan komai yashi ne, har cikin shayi. Amma in na tuna dariyar da kika yi mini a bakin magudana sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ki gaishe da Baba ko da ba zai amsa ba."

Amsar takan zo kafin na bayansa ya fara buga tsani.

"Kofur ɗina, bakwai kacal? Baba kwando yake cirewa kafin karin kumallo. Amma na ba ka maki shida cikin goma. Ina yi maka addu'a bayan kowace salla. Ka ci abinci, ka daina ba wa Cornelius naka. Ka gaishe shi, ka ce na gode da yake kula mini da kai."

Cornelius ya sa aka karanta masa wannan saƙon sau uku, ya ce daga yau shi ne waliyyin ango.

Bayan ƙaramar salla ne abubuwa suka dagule. Dattijo ya yi wa ƙanensa saƙo cewa Nasiru, dillalin tumatir da ke loda motoci zuwa Legas, ya tura manyansa gidan Malam Uba, kuma an ce musu su dawo bayan girbin shinkafa a ba su amsa. Malam Uba ba mai tilasta wa 'ya ba ne, kowa ya sani. Amma ya gaya wa Muhsina a fili cewa soja dai a'a, ta duba cikin sauran. Nasiru kuwa ba shi da wani aibu da za a nuna, ga shi kullum yana gari, ana ganin sa ana taɓa shi.

Kishi mugun abu ne, yakan mai da mai hankali wawa cikin minti biyar. Abdulsamad ya hau tanki ransa a ɓace ya tura abin da bai kamata ba.

"Na ji labarin mai motocin tumatir. Ai da kin gaya mini da bakinki. Allah ya sanya alheri."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Wata shida ina tsaye ni kaɗai a gaban Baba saboda kai, wannan ce godiyar? Shi ke nan."

Daga nan wayarta ta yi shiru. Ya tura saƙo uku, babu amsa. Ya sauko daga tanki kamar wanda aka yi wa duka.

"Nuna mini abin da ka rubuta," in ji Cornelius. Ya karanta, ya dafe kai. "Kai, amma Allah ya yi sakarai a nan. Yarinya tana can tana yaƙi dominka, kai kana nan kana harbin ta ta baya? Wannan ba gyaran waya ba ne. Takarda za ka rubuta da hannunka, doguwa, ka ƙasƙantar da kai."

Ana cikin haka aka kira Cornelius ofis, aka gaya masa mahaifinsa na kwance rai a hannun Allah, an ba shi izinin mako biyu, zai bi jirgin da ke tashi jibi. Al'adar sojoji ce in ɗaya zai je gida kowa ya ɗora masa saƙo. Abdulsamad ya zauna da shi har ya ɗan samu natsuwa, sannan ya ruga kasuwar garin ya sayo humra da turaren wuta irin na Sudan da laffaya biyu saboda Muhsina, da dabino saboda Iya. Ya rasa abin zubawa, sai ya zazzage jakarsa ta soja, koriyar nan mai ɗauke da sunansa da lambarsa da farin fenti. Da ya ga akwai sauran wuri, ya ninke tsohon kakinsa da tsofaffin takalmansa ya cusa, domin Dattijo ya daɗe yana roƙon su saboda shiga gona. Ya ɗora agogonsa da ya tsaya a sama, a kai wa mai gyara a Kura. Takardar ban-haƙuri kuwa, shafi huɗu, da bayanin wane kaya na wane ne, a hannun Cornelius ya danƙa ta.

"Hannu da hannu, Koni. Kada ka ba kowa."

"Ko Malam Uba ya tare ni da fartanya sai na ba ta," in ji Cornelius, ya sa ta a aljihun ƙirji ya maɓalle.

Washegarin tafiyarsa aka tura su Abdulsamad rakiyar motocin abinci zuwa wani gari mai nisa. Kwana biyar suka yi a hanya, mota tana kafewa a yashi ana turawa, babu waya babu labari. Babu wanda ya harbe su, babu wanda suka harba. Suka dawo da hantsi a gajiye tiɓis, ko takalmi bai cire ba ya nufi tanki.

Yana kunna wayar ta kama ruri a hannunsa ba ƙaƙƙautawa. Saƙo ya fi ashirin. Na farkon da ya buɗe daga wani abokinsa na makaranta ne: "Duk wanda ke riƙe da wayar nan, don Allah a ina aka binne shi?" Ya ɗauka Cornelius ne wani abu ya samu a hanya. Sai ya ga sunan Muhsina.

"Kofur ɗina, na san ba za ka karanta wannan ba. Sun kawo jakarka shekaranjiya. Na ga laffayar, na san tawa ce. Na ga saƙonninka uku na ƙi amsawa don in hora ka, ashe kaina na hora. Wallahi ban taɓa kallon kowa ba sai kai. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Allah ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Malamarka."

Ya zauna daɓas a kan ƙarfen tankin. Sai a lokacin ya kalli lamarin da idon mutanen Bunkure: koriyar jaka mai suna da lamba, kaki a ninke, takalma, agogon da ya tsaya. Shi da hannunsa ya haɗa wa kansa kayan mamaci, bai bar ko ɗaya ba. Innalillahi! Iya!

Nan take ya danna lambar Muhsina. Ta yi ƙara har sau biyar kafin a ɗauka. Bayan muryarta yana jin hayaniyar mata da sautin masu shigowa suna sallama.

"Salamu alaikum," ta ce, muryar a dashe. "Ranka ya daɗe, ko kai ne ogansa?"

"Malamata, ni ne."

Sai ƙarar faɗuwar waya, sai salati, sai gudun mutane. Ya yi ta kiran sunanta yana cewa shi ne, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Can ya ji muryar Iya tana cewa a ba ta, a ba ta.

"Audu? Audu, kai ne ko gizo kunnena yake yi mini?"

"Ni ne, Iya. Wallahi ni ne. Tsaraba ce na aiko, ba mutuwa na yi ba."

"Tsaraba! Allah ya shirye ka, Audu. Yau kwana uku muna zaman makokinka, an ci buhun shinkafa guda." Tana faɗa tana kuka tana dariya. "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ka ƙara magana in ji."

Daga bakin Dattijo ya ji yadda aka yi. Cornelius ya sauka Kano ya tarar mahaifinsa ya riga ya cika, dangi suna jiran sa a tafi da gawa Langtang. Hankalinsa ba ya jikinsa, sai ya roƙi sojoji biyun da suka kawo shi Kura a mota su ƙarasa da jakar Bunkure. Su kuma ba su san Abdulsamad ba, ba su san abin da ke ciki ba. Suka tambayi gida, suka ajiye jaka a gaban Iya, suka sara mata, suka sa ta dangwala yatsa a takarda don shaidar sun isar, suka juya. Ranar kasuwa ce kuwa. Kafin motar ta kai titi labari ya zaga gari. An kira wayarsa ba ta shiga, lambar Cornelius ta gida kuma babu mai ita. Dattijo yana shirin tafiya bariki neman bayani ke nan wayar ta shigo.

"Tsaya," in ji Dattijo, ya rage murya. "Ga Malam Uba, ya ce a ba shi. Tun ranar farko yana nan, shi ke karɓar gaisuwa tare da mu."

Abdulsamad ya miƙe tsaye a kan tankin kamar Malam Uba yana ganin sa.

"Baba, ina wuni."

"Abdulsamadu." Muryar ta yi nauyi. "Kai ne da gaske?"

"Ni ne, Baba. A gafarce ni, rashin tunani ne ya..."

"Bar wannan. Saurara." Sannan ya ce, "Na hana ka yarinyar nan don kada ta yi kukan da matar Lukmanu ta yi. Kwana uku ina kallon ta. Ta yi shi, babu abin da ta rage, kuma ba auren. Ashe ban kare ta daga komai ba, kwanakin da za ta yi da kai kawai na hana ta. Jiya na ce a gaban mutane, da Allah zai maido da yaron nan da na ba shi. Ban san Yana saurare da gaggawa haka ba."

Malam Uba ya ci gaba:

"Mutanen Nasiru zan je da kaina in ba su haƙuri. Kai kuma ka dawo. Da ƙafarka nake son ka dawo, ka ji ko?"

"Na ji, Baba. In sha Allahu."

Sojojin da ke layi a ƙasa sun gaji da jira suna ta buga tsani, sai suka ga Kofur yana saukowa hawaye shaɓe-shaɓe yana dariya. Da suka ji labarin, sansanin ya kaure da sowa. Sajan ya rantse tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda ya kashe kansa ya kuma tashi da mata a hannu ba. Tun daga ranar sunansa ya koma Marigayi.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Kofur ɗina, wancan saƙon na mamaci ne, ba naka ba. Ka goge shi. Kai har yanzu fushi nake da kai. Ka ci abinci?"

Ya amsa: "Ba zan goge ba ko za a harbe ni. Na tuba, Malamata. Na ci."

Kwana biyu bayan haka Cornelius ya kira daga Langtang. An binne mahaifinsa, ya zo wanke riga ya ci karo da takarda a aljihu, ya nemi Dattijo ya ji abin da ya faru.

"Abdul, na kashe ka," ya ce, muryarsa tana karyewa. "Ka ba ni amana na..."

"Koni, kai da ka rasa uba kake ba ni haƙuri? Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ya Mama?"

"Da sauƙi. Amma takardar..."

"Ai da ka kai ta, da yanzu Nasiru ne ke auna labule. Ka riƙe ta, ka kawo ranar biki."

Cornelius ya fashe da dariyar da rabonsa da ita tun kafin ya bar sansani.

A ƙarshen shekara aka sauya bataliyarsu, suka dawo gida. Mako biyu bayan babbar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Uba, lokacin tumatir ya fara ja a gonaki. Jama'ar da ta taru ta ninka ta zaman makoki, domin kowa yana son ya ga Marigayi da idonsa. Har Nasiru ya zo, ya yi musabaha da ango ya ce ai wanda ya dawo daga lahira ba a takara da shi. Cornelius ne babban abokin ango, cikin babbar riga da hula zanna, yana raba goro yana gyara wa mutanen Bunkure zama kamar garin ubansa.

Da aka shafa fatiha, Abdulsamad ya durƙusa a gaban surukinsa. Malam Uba ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe, ya ƙi saki. Ya daɗe yana kallon sa, yana ɗan matsa yatsun kamar mai son ya tabbatar da ɗuminsu.

"Ban san kwana nawa Allah ya rubuta muku ba," ya ce a hankali. "Da can so nake sai na sani kafin in bayar. Yanzu na bar wa Mai su. Ko nawa ne, ku yi su tare, ku yi su da daɗi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya kai ka ya dawo da kai duk inda aka tura ka."

Jama'a suka amsa da amin. Daga cikin gida guɗa ta tashi, Muhsina tana zaune a tsakiyar ƙawayenta ta ji ta, ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce amin ita ma.